Motar Gudu da Aka Ƙara wa Ƙarfi Tana Shan Mai a Cikin Gari: Yadda Za Ka Gano Inda Man Ke Tafiya

Duk wanda ya sayi mota mai tobo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, ya kai aka taɓa mata kwamfuta, aka sauya salansa da matatar iska, ya san dama ba don tattalin mai ya yi ba. Amma akwai shan man da ya zama kuɗin ƙarfin da ka saya, akwai kuma wanda ɓarna ce kawai, man yana ƙonewa ba tare da ya ƙara maka gudu ba. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan bambancin ya koma maganar aljihu. Abin da ya fi cinye kuɗin masu irin waɗannan motoci kuwa shi ne canje-canjen kaya bisa zato: yau nozul, gobe fulogi, jibi famfon mai, kuma motar tana nan yadda take.

Zan ɗauki Golf GTI ta biyar da ta shida a matsayin misali, masu injin lita 2 da tobo, domin Golf ba baƙuwa ba ce a garejinmu, kuma tana cikin motocin da aka fi yi wa ƙari a duniya. Yawancin abin da zan faɗa ya shafi Subaru WRX da BMW 335i da makamantansu. Bi matakan a jere, domin na fara da waɗanda ba sa cin kuɗi.

Mataki na farko: auna, kada ka yarda da allon mota

Lambar da allon gaban direba yake nunawa lissafi ne da kwamfuta take yi daga tsawon lokacin da nozul suke buɗewa. Idan an taɓa manhajar ko an sa manyan nozul, lissafin na iya kaucewa. Gejin tanki kuma bai isa shaida ba.

Je gidan mai guda, a cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, kada a ƙara bayan ya tsaya. Mayar da ma'aunin tafiya zuwa sifili. Yi zirga-zirgarka yadda ka saba. Idan man ya yi ƙasa, koma gidan man nan, in da hali famfon nan, a sake cikawa. Raba kilomitan da ka yi da litar da ta shiga. A ce ka yi kilomita 280, tankin ya ɗauki lita 44: kilomita 6.4 ke nan a kowace lita, wato kusan lita 15.7 a kilomita 100. Yi haka sau uku ka ɗauki matsakaici, domin cikawa ɗaya tana iya yaudararka.

Idan ka sauya girman taya, sai ka gyara lissafin. Tayar asali 225/45 R17 tsayinta kusan milimita 634 ne, ita kuwa 245/40 R18 ta kai kusan 653. Bambancin ya kusa kashi 3 cikin ɗari, don haka motar za ta riƙa ƙirga kilomita ƙasa da wanda ka yi, sai ta zama kamar ta ƙara shan mai. Gwada ma'aunin motar da taswirar wayarka a tafiya guda.

Da me za ka kwatanta? A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, GTI ta shida mai giyar hannu da ba a taɓa ba tana yin mil 21 a galan cikin gari da mil 31 a babbar hanya, wato kusan kilomita 9 da kilomita 13 a lita. Garin da ake nufi a wannan gwaji bai kai cunkoson Kano ko Kaduna ba, saboda haka kada ka sa ran ganin 9 idan kullum kana ratsa Sabon Gari da rana.

Mataki na biyu: gwajin doguwar hanya

Wannan gwajin guda yana raba matsalar gida biyu. Cika tanki, ka hau doguwar hanya, kamar daga Kano zuwa Zariya, ka riƙe gudun 90 zuwa 100 ba tare da wasa da totur ba, sannan ka sake cikawa ka yi lissafi.

Idan a hanya ta ba ka kilomita 12 ko 13 a lita amma cikin gari ta faɗi warwas, injin ba shi da babban ciwo. Sai a nemi matsalar a tsayuwa, da zafin inji, da ƙafarka, da yadda aka tsara manhajar a ƙaramin gudu. Idan kuwa a hanyar ma ba ta wuce 8 ko 9 ba, akwai abin da ya lalace, kuma mataki na huɗu da na biyar za su tona shi.

Mataki na uku: abin da gari yake ci ko motar lafiyarta ƙalau

Injin lita 2 yana shan kusan lita guda a awa idan yana silo, kuma ya ɗara haka in na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. Ka ɗauka daga gida zuwa wurin aiki kilomita 10 ne, kuma rabin awa daga ciki a tsaye kake cikin gosulo. Rabin lita ya tafi ba ka motsa ba. A lissafin kilomita 100, lita 5 ke nan ta hau kan shan man motar daga tsayuwa kawai. Babu bakaniken da zai gyara wannan, sai dai sauya hanya ko lokacin fita, da kashe inji idan jiran zai wuce minti biyu ko uku.

Sai batun ƙafa, wanda masu motar gudu ba sa son ji. Ƙarfin da ake buƙata don kai mota gudun 80 ya ninka na kai ta 40 sau huɗu, kuma duk wannan ƙarfin birki ne yake mayar da shi zafi a danja ta gaba. A mota mai tobo abin ya fi muni. A tafiyar hankali, kwamfuta tana riƙe gaurayen iska da mai a ma'aunin 14.7 da 1. Da zarar ka take totur tobo ya cika, sai ta koma wajen 11 ko 12 da 1, tana zuba ƙarin mai don sanyaya inji. Manhajar ƙari kuma tana sa tobo ya shigo da wuri, da ƙaramin taɓi. Motar ta fi daɗin tuƙi, shi ya sa kake ba ta wuta fiye da dā ba tare da ka lura ba.

Yi wa kanka gwajin tanki guda: giyar DSG, wato otomatik ta Volkswagen, a D maimakon S, ko a giyar hannu ka riƙa sauyawa idan juyin inji yana tsakanin 2,000 da 2,500 a minti, ka ɗaga ƙafa tun daga nesa idan ka hango tsayuwa. Idan lissafin ya gyaru da kilomita 2 a lita, ka san rabon ƙafarka a ciki. Sai dai kada ka take totur da ƙarfi a babbar giya inji yana ƙasa da 1,500, wannan yana wahalar da inji mai tobo.

Mataki na huɗu: zafin inji

A nan ne gyaran ƙasarmu ya fi cutar da mota. Al'ada ce a gareji da yawa idan mota ta shigo daga Kwatano a cire mata tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwan inji har ya ɗauki zafi, a ce an yi shi ne don ƙasashe masu sanyi, sannan mai rewaya ya haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota. Niyyar ta kirki ce, ana tsoron zafi, amma sakamakon asara ce ta kullum. An ƙera injin ya yi aiki a wajen digiri 90. Idan bai kai ba, kwamfuta tana ɗauka har yanzu yana ɗumama, sai ta ƙara mai. Baƙin mai bai saki jiki ba, juyin inji ya yi nauyi. Fankar da ba ta hutawa kuma tana jan wuta, injin ne ke biya. A gajeren zuwa cikin gari, musamman da safiyar hunturu, motar na iya isa inda za ta ba ta taɓa ɗaukar zafin aikinta ba.

Allurar zafi ta Volkswagen ba za ta gaya maka gaskiya dalla-dalla ba, an tsara ta ta tsaya a kan 90 ko da ainihin zafin ya ɗan yi ƙasa ko sama. Sai da na'urar karanta kwamfuta. Duk motar fetur da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, ko ta Turai daga 2001, tana da soket ɗin OBD2 a ƙarƙashin sitiyari. Ƙaramar na'urar ELM327 da manhajar waya irin su Torque ko Car Scanner sun isa wannan aiki. Tayar da motar da safe, ka duba: kafin inji ya tashi, zafin ruwa ya kamata ya yi kusa da zafin gari. Idan yana nuna wani abu can daban, sensar zafi ta mutu. Yi tafiyar minti goma zuwa sha biyar. Idan ya maƙale a 70 ko ƙasa, ko ya sauka da ka hau hanya mai iska, to babu tamostat ko ya maƙale a buɗe. Lambar matsala P0128, idan na'urar ta nuna ta, ita ma wannan take nufi. Mayar da tamostat na asali, a maido da fanka kan tsarinta. Idan motar ta fara zafi bayan haka, lagireto ne ya toshe ko famfon ruwa ya gaji, su za a gyara.

Mataki na biyar: karanta gyaran mai na kwamfuta

Wannan ne zuciyar binciken, don haka zan daɗe a kansa. Sensar iskar oksijin da ke bakin salansa tana shinshina hayaƙi, ta gaya wa kwamfuta ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Kwamfuta sai ta ƙara ko ta rage, kuma tana rubuta gyaran da ta yi cikin kashi ɗari. A manhajar waya za ka ga STFT, gyaran nan take, da LTFT, gyaran da ta koya ta riƙe. Mai amfani da VCDS, manhajar binciken motocin Volkswagen, zai same su a rukuni na 032. Lamba mai alamar ƙari na nufin tana ƙara mai, mai alamar ragi na nufin tana ragewa. Tsakanin ragi 5 da ƙari 5 lafiya ce. Abin da ya wuce 10 ta kowane ɓangare yana neman bincike, ko da fitilar inji ba ta kama ba.

Karanta su inji ya yi zafi, sau ɗaya a silo, sau ɗaya kana riƙe da 2,500.

Idan ƙari ne mai yawa a silo kuma ya ragu da ka ɗaga inji, iska tana shiga ta wani wuri da mitar iska, mai auna iskar da ke shiga inji, ba ta ƙirga ba. A injinan GTI, wanda aka fi kamawa da wannan laifi shi ne bawul ɗin PCV da ke saman inji, mai mayar da tururin cikin inji bututun shigar iska, robarsa tana yagewa, silo ya riƙa rawa, wani lokaci har da fito. Lambobin P0171 da P2187 sukan biyo baya.

Idan ƙarin ya bayyana bayan an sauya bututun salansa na bayan tobo, duba mahaɗinsa. Ƙaramar kafa kafin sensar tana barin iskar waje ta shiga, sensar ta ce mai ya yi kaɗan alhali ƙarya ne, kwamfuta ta yi ta zubawa. Nemi baƙin toka a gefen mahaɗin, ka saurari ƙarar tik-tik da safe kafin ƙarfe ya buɗe da zafi. Gasket ɗin da ya jawo wannan bai kai kuɗin rabin tanki ba.

Idan ragi ne mai yawa, ko P0172, mai ne ya yi yawa. Abu uku za ka duba. Na farko, yoyon iska tsakanin tobo da inji: tiyo da ya tsage, ko ɗaurin intakula, mai sanyaya iskar tobo, da ya saki. Mita ta riga ta ƙirga wannan iskar, kwamfuta ta ware mata mai, ita kuwa ta tsere a hanya. Gwajin hayaƙi ko na matsin iska yana nuna wurin cikin mintoci. Na biyu, bawul mai ƙarar fishsh ɗin nan da samari suke so, wanda yake zubar da iskar tobo waje idan an ɗaga ƙafa. A motar da ke da mitar iska, irin GTI ta biyar da ta shida da WRX, bawul ɗin asali yana mayar da iskar cikin bututu ne domin an riga an ƙirga ta. Mai zubarwa waje yana sa inji ya ƙoshi da mai a duk sauyin giya, kuma a cikin gari sauyin giya ba ya ƙarewa. Mayar da na asali. Na uku, zaro sandar baƙin mai ka shinshina. Idan yana warin fetur ko ya ƙaru da kansa, famfon mai mai matsi ko wani nozul yana yoyo, kuma wannan ba ya jiran gobe, domin baƙin man da fetur ya tsinka yana cinye inji. A GTI ta biyar, tunda an buɗe wurin, a duba ƙaramin kofin ƙarfen da ke tsakanin famfon da kamshaf, an san shi da cinyewa.

Ita kanta mitar iska tana yin ƙarya idan ta yi datti. Buɗaɗɗiyar matatar iska mai siffar mazurari, wadda ake shafa wa mai, tana barin man ya hau wayar mitar, ƙurar hunturu ta zo ta manne. Ga shi kuma tana zuƙar zafin cikin bonet idan kana tsaye a cunkoso. A wanke mitar da feshin da aka yi dominta kawai, ba da fetur ko feshin kafireto ba, kuma kada a taɓa wayar da hannu. A silo, injin lita 2 da ya yi zafi yana nuna wajen giram 2 zuwa 4 a daƙiƙa. Idan bututun da aka sa ya fi na asali faɗi a inda mitar take, karatun ya kauce ke nan sai an daidaita manhaja. A ganina, a gari mai ƙura irin namu, akwatin matatar asali da sabuwar takarda ya fi kowace buɗaɗɗiyar matata amfani.

Mataki na shida: manhajar da man da kake sha

Yawancin manhajojin ƙari, na kamfanoni irin su APR da Revo da Unitronic, an rubuta su ne don fetur mai oktan 95 ko 98 a ma'aunin Turai, wanda ya yi daidai da 91 ko 93 a ma'aunin Amurka. Fetur ɗin da ake sayarwa a gidajen man Najeriya kuwa wajen 91 yake a ma'aunin Turai. Kada lambobin su rikita ka: 91 na Amurka ya fi 91 namu. Idan oktan bai kai ba, gaurayen yana fashewa kafin lokacinsa, sensar ƙwanƙwasa ta ji, kwamfuta ta jinkirta tartsatsin fulogi don kare fistin. Jinkirin nan yana rage ƙarfin da kowane ɗigon mai yake bayarwa, kai kuma ka ƙara take totur. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafin Kano yake haura digiri 40, intakula ya jiƙe da zafi a cunkoso, abin ya ƙaru.

A sa VCDS a rukuni na 020 a ja motar a giya ta uku a hanyar da babu mutane. Idan jinkirin yana kai digiri 5 ko 6 a kai a kai, manhajar ta fi ƙarfin man. Mafita ita ce a sa wadda aka rubuta don ƙaramin oktan, ko a rage matsin tobo. Wasu manhajojin suna ba da damar sauya tsari ta sandar kurus, wato ta riƙe gudu da ke jikin sitiyari, har da komawa na asali. Idan taka tana da shi, yi zirga-zirgar gari da na asalin. 'Yan kwalaben ƙara oktan ba sa cike wannan giɓin, kuma masu sinadarin manganis a ciki suna ɓata fulogi da sensa.

Tambayi wanda ya yi maka aikin ko ya sa tsarin fashe-fashen salansa. A tsarin asali, idan ka ɗaga ƙafa mota tana cikin giya, kwamfuta tana yanke mai gaba ɗaya. Domin a samu ƙarar tas-tas ɗin nan, sai a hana ta yankewa, man ya tafi ya ƙone cikin salansa. Wato a daidai lokacin da ya kamata ka yi tafiya kyauta, kana biya. Yana kuma ƙona abin tace hayaƙi da makanikai suke kira indomi, yana gajiyar da tobo. A cire shi. Ita indomin ma kada ka bari a fasa ta a matsayin maganin shan mai sai an tabbatar ta toshe, in kuma ta toshe a sa wata. Hayaƙin da take tacewa masu tafiya a ƙasa da 'yan talla da ke bakin titi ne suke shaƙarsa.

Mataki na bakwai: fulogi, baƙin mai da ƙafafun mota

A fitar da fulogi huɗun a jera su. Baƙi mai toka a dukansu yana tabbatar da yawan mai. Ɗaya kaɗai da ya bambanta yana nuna nozul ko koyil na wannan silindar. Mota mai ƙari sau da yawa ana sa mata fulogi mai sanyi, wanda ya dace da gudu amma yake saurin yin datti a gajeren zuwa. Baƙin mai kuwa a bi ƙa'idar VW 502 00, galibi 5W-40, ba 20W-50 mai kauri da ake zuba wa kowace mota ba. Injinan nan suna fesa mai kai tsaye cikin silinda, don haka fetur ba ya wanke bayan bawul ɗin shigar iska, gawayi yana taruwa da shekaru. Idan silo yana rawa da safe kuma duk abin da ke sama ya fita lafiya, a buɗe a duba. Maganin zubawa a tanki ba ya kaiwa wurin.

Iskar taya a auna ta da safe da gejinka, bisa takardar da ke jikin ƙofa ko murfin tanki, domin gejin mai faci ba kullum yake daidai ba. Manyan rim masu nauyi da faffaɗar taya suna cin mai a duk tashi daga tsayuwa. Idan an saukar da motar ƙasa ba a sake yin alaimin ba, tayoyin suna tafiya a karkace suna gurzar titi, za ka gane ta cinyewar gefen ciki. Bayan 'yar tafiya kuma, kusantar da hannu ga kowane wili ba tare da ka taɓa faifan birki ba: wanda ya fi 'yan uwansa zafi, birkinsa yana riƙewa.

Yadda za ka tafiyar da gyaran

Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a lokaci guda, ka goge gyaran man da kwamfuta ta koya, ka ƙona tanki guda a hanyoyin da ka saba, ka rubuta sakamakon tare da ranar da abin da aka taɓa. Idan ka sauya abu huɗu rana ɗaya, ba za ka san wanda ya yi aiki ba. Ka tafi gareji da takardar nan da hoton karatun wayarka, ka ce wa bakanike: "Oga, ga abin da take nunawa a silo, ga na 2,500, mu fara da gwajin yoyon iska." Duk kayan asalin da aka cire, bawul da akwatin matata da bututun salansa, ka adana su a gida, ka kuma nemi kwafin manhajar asali daga wanda ya taɓa kwamfutar. Idan an bi duk matakan nan lambobin ba su daidaita ba, a mayar da motar yadda kamfani ya yi ta, a auna tanki biyu, sannan a riƙa maido da kayan ƙarin ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda lissafin ya faɗi a kansa.